Shagon kayan lantarki: masu saye goma, mai shago ɗaya. Ya ake yi?

Maman Khalil ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kayan lantarki. Za mu yi sayayyar kayan ɗakin ƙanwata a nan Kano: talabijin, firij, da waya guda ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yadda manyan shagunan nan suka koma. Talabijin wajen ashirin a jere a bango, firij sahu-sahu, amma ma'aikaci ɗaya ko biyu ne kacal. Shi ne mai bayani, shi ne mai shiga sito, shi ne mai amsa waya. Ka tambaye shi bambancin wannan da wancan ya ce "duk masu kyau ne", kafin ka sake buɗe baki wani ya janye shi. In ka ce a gwada maka sai a ce "ai sabo ne dal a kwali". To wane lokaci ya fi dacewa a je? Me mutum zai iya dubawa da kansa ba sai ya jira su ba? In kuma an kai gida an ga matsala, ina aka dosa?

Tsohon Ɗan Kasuwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri a bikin.

Ki fara sanin dalilin abin, zai rage miki jin haushi. Ribar sabon kaya na kamfani, musamman waya, ba ta da yawa, domin kowa ya san farashin, kuma shagon gaba yana da irinsa. Ga haya, ga man janareta, ga albashi. Sannan akwai maganar amana: makullin sito da na akwatin gilashin da ake jera wayoyi ba kowa ake ba wa ba. Shi ya sa za ki ga mutum huɗu a shago amma ɗaya ne tak zai iya fito miki da kaya, sauran kuma sai dai su ce "bari ya zo".

Abu na biyu, ba duk wanda ya tare ki ne ma'aikacin shagon ba. Mai sanye da riga mai tambarin wani kamfani, yawanci kamfanin ne ya ajiye shi don ya tallata kayansa. Ya san nasa ciki da bai, amma kada ki tambaye shi wane ne ya fi, amsar tana rubuce a ƙirjinsa. A kasuwanni irin su Farm Centre da Beirut Road kuma akwai dillalai da 'yan kamasho, waɗanda za su karɓo miki kaya daga wani shagon su ɗora nasu a kai. Sana'a ce, ba laifi ba ne, sai dai ki tabbatar sunan shagon da ke kan rasit shi ne shagon da za ki iya komawa gobe.

Lokaci kuwa, Talata zuwa Alhamis da hantsi, tsakanin goma da sha biyu. An buɗe, an share, ba a cika ba, kuma mai shago bai gaji ba. Ki guji yammacin Asabar, da ƙarshen wata lokacin da albashi ya shigo, da kwana goman ƙarshe na azumi. Juma'a daga sha biyu da rabi kowa hankalinsa ya tafi masallaci. Kada kuma ki isa ana saura minti goma a kira sallah, za ki yi zaman jira ne kawai.

Babban abin shi ne kada ki shiga da tambayar "wanne ya fi kyau?" Wannan tambaya rabin awa take ci, shi kuma minti biyar gare shi. Ki yi binciken a gida, ki rubuta lambar samfurin abin da kike so a takarda, da na biyu in babu na farkon. Ki kira ko ki tura saƙon WhatsApp tun ana gobe za ki je a tabbatar miki akwai shi a sito da kuɗinsa. In kin shiga sai ki miƙa takarda. Mai shago yana ganin wanda ya zo da lamba a rubuce ya san ciniki ne ya zo, ba kallo ba, shi zai fara sallama. Ku je ku biyu, ɗaya na wajen biyan kuɗi ɗaya na tsaye kan kaya.

Mai Gyaran Waya ya rubuta:

Hajiya, ta ɓangaren waya ba kya buƙatar ma'aikaci sai wajen buɗe kwali. Sauran duk aikinki ne, minti goma ya isa.

Da an kunna ta ki danna *#06#. Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, lamba 15 ce, in mai layi biyu ce za ki ga guda biyu. Ki gwada da wadda ke jikin kwali, lamba bayan lamba. In suka saɓa ki ajiye ta, ba kwalinta ba ne, ko kuma an taɓa cikinta. Wannan lambar ce za a rubuta a rasit, ba "waya guda ɗaya" kawai ba.

Sai ki shiga saiti ki duba girman ma'ajiya da RAM, wato ƙwaƙwalwar da waya ke aiki da ita, da idonki. A nan ake yawan yin rashin fahimta. Kwali zai ce "8+8" ko ma a rubuta 16 da manyan baƙaƙe, alhali RAM na gaskiya 8 ne, ragowar aro ake yi daga ma'ajiyar wayar, kuma ba ya saurin na asali. Ma'aikacin da ke cikin sauri 16 zai ce miki. Ba lallai ƙarya ya yi niyya ba, abin da ke jikin kwali ya karanta.

Ki sa layinki ki kira wanda kuka zo tare, ki ji sifika da makirfo, ki kunna data ki ga 4G ta hau. Ki gwada ramin layi na biyu ma, mutane suna mantawa da shi. Ki ɗauki hoto gaba da baya. Ki jona caja ki ga tana ɗauka ba tare da an karkata wayar caja ba. In Samsung ce, *#0*# yana buɗe shafin gwaji a yawancinsu: ja, kore, shuɗi, da gwajin taɓa gilashi, inda za ki ja yatsa ki ga ko akwai wurin da ba ya ji. In ba Samsung ba ce ki danne wani tambari a fuskar wayar ki ja shi kusurwa zuwa kusurwa, in ya suɓuce a wani wuri, nan gilashin ya mutu.

Ki tambayi maganar kan caja tun kafin a yi ciniki. Apple ya daina sa shi a kwali tun daga iPhone 12 a 2020, manyan wayoyin Samsung ma haka daga S21. Tecno, Infinix da itel galibi suna zuwa da nasu, kuma gyaransu na garanti a cibiyar gyaransu mai suna Carlcare ake yi, ba a shagon da aka saya ba. Wannan ma yana rage wahala, domin ba sai kin dawo kina neman wanda ya sayar miki ba.

In kuma ta hannu ce, wadda ake ce wa 'yar Landan, sai a ƙara lura. iPhone sai an fita daga iCloud, wato asusun Apple, na mai ita na baya, a goge ta a gabanki, ki kafa ta daga farko da kanki. In ta nemi kalmar sirrin wani, dutse kika saya. Android ma haka, a cire asusun Google kafin a goge. Ki duba lafiyar batir, in ta yi ƙasa da kashi 80 ki sa kuɗin sabon batir cikin lissafi. A sababbin iOS, wato manhajar iPhone, cikin shafin About da ke saiti, wayar tana nuna in an canza gilashi ko batir da wanda ba ta gane ba.

Baba Injiniya ya rubuta:

'Yata, na waya ya yi bayani, bari in ɗauki manyan. A nan ne ƙarancin ma'aikata ya fi cutar da mai saye, domin fito da firij daga kwali aikin mutum biyu ne, shi ya sa ba sa son yi.

Talabijin tukuna. Wanda kika gani a bango ba shi za a ba ki ba, daga sito za a ɗauko wani. Ki ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan na bangon, ki gwada lambar samfurinsa da ta jikin kwalin da aka kawo. Kamfani ɗaya, inci 43 ɗaya, amma harafi guda ya bambanta, sai ki ga wannan 4K ne, wato ɗigogin hotonsa 3840 sau 2160, wancan kuma 1920 sau 1080. Masu inci 32 da yawa ma 1366 sau 768 ne. Yaron da ya shiga sito a guje incin kawai yake dubawa. Inci kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, gilashin kaɗai ban da baki: 32 kusan santimita 81 ne, 43 kusan 109, 55 kusan 140. In sunan kamfanin baƙo ne a kunnenki, ki tafi da tef ɗin tela a jaka.

Dole a fito da shi a kunna. Dalili kuwa, garanti ba ya ɗaukar fashewar gilashi, kuma tsagewar ciki ba ta nunawa sai an kunna. Da kin fita ƙofa, za a ce a hanya ya fashe, kuma babu mai shaida. Ki zo da filasha mai hotuna biyar: fari zalla, baƙi zalla, ja, kore, shuɗi. A kan fari ake ganin ɗigon da ya mutu da tabo mai duhu, a kan baƙi ake ganin ɗigon da ya maƙale da haske da ke tsiyaya ta gefe. Duk layi siriri da ya ratsa daga sama zuwa ƙasa, a mayar da shi. Filashar ta gwada miki ramin USB ke nan a lokaci guda. Ki ƙure murya na 'yan daƙiƙu ki ji ko sifika tana karkarwa. In mai intanet ne ki buɗe masa data daga wayarki ki ga ya kama. Kafin a rufe kwali ki ƙirga: rimot, ƙafafu biyu, kusoshin ƙafafun, wayar wuta, katin garanti. Kusoshin nan su ne suka fi ɓata in an buɗe kwali a gaggauce. Ƙarfen rataye shi a bango yawanci daban ake saye.

Firij kuma, akwai abin da kusan babu ma'aikacin da zai gaya miki. A takardar da ke bayansa ko a cikinsa akwai ajin yanayin da aka ƙera shi dominsa. N yana aiki daidai har zafin digiri 32, ST har 38, T har 43. Ke kin san Kano a watan Afrilu, tana haura 40. Firij mai N a kicin ɗinmu kwamfiresarsa, wato injin da ke kawo sanyin, ba za ta huta ba, ruwa ba zai yi sanyin kirki ba, kuma ba zai daɗe ba. Ki nemi T, ko wanda aka rubuta ajinsa ya kai har T. A takardar nan dai ki ga 220 zuwa 240V, 50Hz. Na hannun da aka kwaso daga Amurka 110 zuwa 120V ne, 60Hz, in aka jona shi kai tsaye a wutarmu ya tashi aiki.

Ki sa a jona shi tun da kuka shiga, ya yi aiki yayin da kuke duba talabijin. Cikin minti 15 ya kamata bangon firiza ya fara sanyi, gefuna ko baya su yi ɗumi. Ɗumin nan ba matsala ba ne, alamar gas yana zagayawa ne. In kwamfiresa ta yi "ƙas" ta tsaya, ta sake yin "ƙas" bayan ɗan lokaci, ko wutar shagon ta yi ƙasa ko ita ce ba ta da lafiya, a gwada wani. Robar ƙofa kuma ki datse takardar naira a ƙofar ki ja, sama da ƙasa da gefe. Inda ta zare salin-alin, nan sanyi zai riƙa fita. Ki leƙa baya da ƙasa saboda lotsawa, ki ƙirga farantan ciki.

Wajen ɗauka: firij a tsaye, talabijin ma a tsaye, ba a kwantar da shi a ɗora kaya a kai. In dole ta sa an kwantar da firij, to man kwamfiresa ya gangara cikin bututu. A tsayar da shi ya yini ya kwana kafin a kunna. In a tsaye ya zo, awa huɗu ta isa. Ki gaya wa 'yan jere wannan da bakinki, domin su da an shigo da kaya soket suke nema.

Kada ki fito ba tare da abin kariyar wuta ba. Ƙonewar da wutar NEPA ta jawo, garanti ba ya biya. Firij yana son mai jinkirin minti uku, don in an ɗauke wuta an dawo da ita nan take, kwamfiresa ba za ta tashi da matsi a cikinta ba. In unguwar amarya wutarsu rauni gare ta, stabilaiza ake buƙata, kuma a ba ta sarari: firij yana jan ninki da yawa na wutarsa a lokacin tashi, don haka ƙaramin firij 1000VA, babba 2000VA.

Tsohon Ɗan Kasuwa ya rubuta:

Baba, duk gaskiya ne, amma a yi wa 'yan kasuwa adalci a wuri ɗaya. Babu shagon da zai yanke ledar sabuwar waya ko ɗaurin kwalin talabijin kafin a biya. Kwalin da aka buɗe, mai saye na gaba ba zai yarda sabo ne ba, sai an rage masa kuɗi. In Hajiya ta dage a buɗe kafin ta biya, rigima kawai za a yi. Yadda ake yi: a gama ciniki, a yi magana a fili cewa "zan biya, a buɗe a nan a gabanku, in da matsala a canza min yanzu". A biya, a buɗe a kan teburin shagon. Wannan kowane shagon kirki zai yarda. Wanda ya ƙi wannan ma, to a bar masa kayansa.

Maman Khalil ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar harafin T ɗin nan ban taɓa jin ta ba. Saura tambayata ta ƙarshe. Rasit ɗinsu da yawa an buga a ƙasa cewa kayan da aka saya ba a dawo da shi. Ke nan in matsala ta fito bayan sati ɗaya shi ke nan?

Lauyan Unguwa ya rubuta:

A'a Hajiya, ba shi ke nan ba. Rubutun ƙasan rasit ba ya soke doka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da aibi ko bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba, cikin wata uku da karɓarsa, a gyara, ko a canza, ko a mayar da kuɗi. Amma a bambance: wannan na kaya mai aibi ne. Wanda ya je gida ya ga kalar ba ta dace da labule ba, ko ya yar da abu ya fashe, ba shi ake nufi ba. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye, ana kai ƙorafi can.

Sai dai doka da hujja take aiki, kuma hujjar ita ce abin da shago mai ƙarancin ma'aikata ya fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kashiya ga layi a gabanta, sai ta rubuta "TV 1" da kuɗi ta yage. Wannan takarda ba ta nuna cewa talabijin ɗin da kika dawo da shi shi ne nasu ba. Rasit ya ƙunshi sunan shago da adireshi, kwanan wata, lambar samfuri, lambar jikin kayan ita kanta ko IMEI, kuɗin da aka biya, da sa hannu ko hatimi. In ba su da lokaci, ki kwafo lambobin da kanki ki miƙa a rubuta. Katin garanti ma a cike shi a buga hatimi a ranar, ba a ba ki shi fari fat ba. Duk alƙawarin baki, irin "in ya yi wani abu cikin sati ki dawo da shi", a rubuta shi a bayan rasit.

Ki ɗauki hoton rasit ɗin nan take. Irin wanda inji ke bugawa a farar takarda mai sheƙi, zafi yana goge shi, bayan 'yan watanni sai ki tarar da farar takarda.

Wajen biya, ki tura kuɗi asusun da ke ɗauke da sunan shagon, ko wanda maigidan ya tabbatar da bakinsa, ba na yaron da ya ce "turo nan ya fi sauri" ba. In POS ya ƙi amma an cire kuɗin, ki riƙe takardar da ta fito, kada a sake gogawa sai kin duba asusunki. Ki kuma tambaya ko farashin da ke jikin kaya ya haɗa da harajin VAT da kuɗin kaiwa gida.

In matsala ta taso, ki fara da saƙo a rubuce zuwa lambar shagon, da hoto ko bidiyon matsalar da hoton rasit, don kwanan wata ya zauna. Ki nemi manaja ko maigida, yaron shago ba shi da ikon canza kaya ko da yana so. In shagon cikin kasuwa yake, shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar sukan sasanta irin wannan cikin yini ɗaya. Hukuma ita ce mataki na gaba. Kafin nan kada a kai wa mai gyaran unguwa ya kwance, da an taɓa kusoshin garanti ya faɗi.

Baba Injiniya ya rubuta:

Ƙari ɗaya, tunda kayan ɗaki ne. Garanti daga ranar da aka saya yake fara ƙirgawa, ba daga ranar tarewa ba. In biki saura wata huɗu, kada a sayi kayan wuta yanzu a jibge a ɗaki, wata ukun da Lauya ya faɗa za su ƙare kaya na cikin kwali. A sayi gado da kujeru tukuna, na wuta a bari sai saura sati biyu ko uku. In kuma an riga an saya saboda tsoron tashin farashi, a fito da su a gida a jona, firij ya kwana biyu yana aiki da robar ruwa a firiza, talabijin ya yi 'yan awanni a kunne. Kwalayen da farin soson da ke ciki a adana su, da su za a kai gidan amarya, kuma wasu shagunan ba sa karɓar canji in babu kwali.